Shekarar da Na Rubuta Sunan Sambo

Akwai maganar da kuka daɗe kuna faɗa a kaina wadda ba haka take ba, ni kuma na ƙyale ku kuna faɗa saboda tana yi mini daɗi a kunne. Kuna cewa a shekarar da aka rufe iyaka, Babanku ne ya je ya fito da Sambo daga hannun hukuma, har ya rasa takardarsa ta sayen man fetur saboda riƙon amana. Rabin maganar gaskiya ne. Ni na fito da shi. Amma ni na sa aka kama shi, da hannuna na rubuta sunansa. Innarku ta sani, dagaci ya sani, shi ma Sambon ya sani. Ku kaɗai kuka rage, ga shi kuma ƙarfina yana ja baya, ba na so ku ji daga bakin wani bayan raina.

Saboda jikokin da ba su yi wayo ba tukuna, bari in faɗi ko wane ne Sambo. Bafillatani ne mutumin Nijar, rugarsu tana can arewa da Magarya. Mahaifinsa Yero da mahaifina su suka ƙulla abin, mu muka taso muka tarar. Kun san yadda ƙasarmu take a nan gefen Ɗambatta, gona jikin gona, babu inda za ka ce yau na bar wannan ta huta. Gandun da kakana ya noma shi nake nomawa, bai taɓa hutawa ko damina ɗaya ba. Abin da ya riƙe shi taki ne. Duk shekara idan an gama kawar da amfani, dagaci ya sa aka yi shelar sakin gona, sai gidan Yero su gangaro da garkensu ta burtali su sauka a gandunmu. Shanu su ci kara, su sha a rijiyarmu, su kwana a gonar, bayan 'yan kwanaki a cire turaku a matsa gaba, har sai taki ya zagaye ko'ina. Mu kuma mu ba su dammunan gero da dawa, zaurenmu ya zama nasu. Babu takarda, babu shaida. Ni da Sambo sa'o'in juna ne. Yana kirana maigida, yana kiran Innarku uwar ɗakina, ni kuma idan na so tsokana in ce masa ɗan Yero, shi ya ce mini Kaɗo mai cin tuwon da bai san daga ina ƙarfin gonarsa yake zuwa ba. Fiye da shekara talatin muna haka bayan iyayenmu sun kwanta dama.

A tsakiyar daminar shekarar ne sojoji suka karɓi mulki a Nijar, manyanmu na nan suka yi fushi. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wutar lantarki, aka ce ko ɗigon man fetur kada ya ƙetara. Dama man ya riga ya yi mana tsada mu ma, sai kuma aka ƙara da cewa gidajen mai kada su zuba wa kowa a jarka sai mai takarda. Mu masu noman rani a fadama da injin ban ruwa aka ce mu je wurin dagaci a yi mana takarda. Ni ne shugaban manoman fadamarmu a lokacin, ba don na fi kowa gona ba, sai don na yi firamare har aji huɗu, ina iya rubuta suna ba tare da na tambayi kowa ba. Da umarni ya zo cewa kowane dagaci ya kafa 'yan sa ido a kan masu kwasar mai suna yin arewa da shi, sai aka zaɓi mu uku, ni da Sale mai injin niƙa da wani dattijo da bai daɗe ba ya janye. Ni aka miƙa wa littafi da biro. Ina gaya muku gaskiya, tun da nake ba a taɓa ba ni abin da ya kumbura mini kai kamar wannan littafin ba. Aljihun gaba nake sa shi don a gani. Kullum bayan la'asar muna kan dakalin ƙofar masallaci da rediyo, ina cikin masu cewa daidai ne, a matse su, idan mai ya yanke motocin sojojin za su tsaya, su sauko su nemi sulhu. Na yarda da haka har cikin zuciyata. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane ne zai fara ji a jikinsa ba.

Wata Asabar da hantsi, an girbe gero amma dawa tana tsaye, wake yana fure, sai ga Sambo a ƙofar gida shi kaɗai, yana jan raguna biyu. Bai taɓa zuwa a wannan lokaci ba, bai kuma taɓa zuwa ba shanu ba. Kwana uku ya yi yana tafiya a ƙasa ta burtali. Innarku ta dama masa fura, ya sha, ya wanke ƙafa, muka gama gaisuwa kamar yadda muka saba, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce ruwan sama ya ɗauke musu da wuri, tafkuna sun ƙafe. Shekaru da yawa ke nan da aka haƙa musu rijiyar burtsatse mai inji, duk rugagen yankin a nan suke shayarwa, har tsofaffin rijiyoyi suka rufta saboda ba mai kula da su. To yanzu wuta babu, mai kuma ko kana da abin saye ba ka ganinsa. Rijiya ɗaya tak ta rage mai zurfin gaske, garke a kan garke, ana ja da hannu, layinsa sai bayan kwana biyu yake zagayowa. Maraƙa sun fara kwanciya. Ya roƙe ni ɗaya daga cikin biyu: ko in ɗebar masa jarka biyu da takardata ya kai a tayar da injin, ko in bar shi ya gangaro da shanun tun yanzu su zauna a gefen fadama.

Na hana shi duka biyun. Na ce shanu ba za su shigo amfani yana tsaye ba, maƙwabta ba za su yarda ba, wannan kuma gaskiya ne, shi ma ya sani. Na ce mai kuma doka ce, ni aka ba amanar tsare ta. Bai yi musu ba. Ya ce to, gobe zai sayar da ragunan a kasuwar Ɗambatta ya nemi ko jarka ɗaya ce wurin 'yan bumburutu, ya hau babur ya bi hanyar Babura, kafin a kai shingen jami'ai ya sauka ya ratsa ta gonaki. Muna cin tuwo kwano ɗaya yake gaya mini wannan, kamar yadda mutum yake gaya wa ɗan'uwansa. Da a nan na tsaya, da ba ni da abin rubutawa yau. Mutum yana iya hana abokinsa abu, zumunci bai mutu ba.

Da yamma a dakali Sale ya fara. Ya ce ya ji an yi mini baƙo daga ƙasar da ake horarwa, yana fata dai littafin nawa ba sunayen bare kawai ya iya ɗauka ba. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta zauna mini. Washegari Lahadi muna kasuwa ni da shi, muna tsaye bayan tasha inda 'yan bumburutu suke jera galan-galan, sai ga Sambo can ya tsuguna ana ɗura masa mai a baƙar jarka. Na kau da kai. Sale ya ga na gani, ya ga kuma na kau da kai. Ya matso kusa da kunnena.

"Malam Idi, biron ne ya ƙare in ara maka nawa?"

Abin da ya faɗa ke nan, bai ƙara ba. Na ji tsoron ya kai wa dagaci cewa ina rufa wa baƙona asiri, a ƙwace takardar maina, albasar da na riga na yi wa reno ta ƙone. Na kuma ji kunyar a ce Idi ya kasa. Na zaro littafin na rubuta. Da na so, da na rubuta wani Bafillatani da jarka ɗaya, magana ta wuce, ba mai gane shi cikin ɗaruruwan da suka ci kasuwa. Amma sai hannuna ya rubuta Sambo ɗan Yero, na ƙara da hanyar da zai bi da wurin da zai sauka, abin da ya gaya mini a kan tuwon gidana. Na yage takardar na ba Sale ya kai wa jami'ai. A hanyar komawa gida ina ta gaya wa kaina cewa jarkar kawai za su karɓe su sallame shi.

Ba haka aka yi ba. Ranar Laraba wani direba da ke bin hanyar ya kawo labari cewa an tsare Bafillatanin gidan Malam Idi, an haɗa shi da masu fasa-ƙwaurin mai, ana jiran a wuce da su gaba. Innarku tana jin haka ta ɗauko mini babbar riga ta ce in tashi in je. Na ce ina da ban ruwa, na ce irin wannan magana ba a yi mata gaggawa, na ce gobe. Ta ninke rigar ta mayar. Washegari ta je suna a unguwar su Sale, a can matarsa ta yi mata barka da cewa maigidanta ya nuna shi ba ya son kai a aikin hukuma, har baƙonsa bai ƙyale ba. Da ta dawo ina zaune a tsakar gida ina gyaran tiyon inji. Ba ta ko cire mayafi ba.

"Malam, da gaske kai ka rubuta shi?"

Na fara kawo mata maganar doka da umarnin manya. Ta bar ni har na gama.

"Ni ban san manya ba. Na san na dama masa fura da hannuna, ya sha ya sa mini albarka. Geron da na dama da shi kuma a kan takin shanunsa ya fito. Yanzu wa ke ja wa shanun ruwa?"

Ban yi tunanin wannan ba sam. 'Ya'yan Sambo maza sun tafi neman kuɗi kudu tun farkon shekara, daga shi sai mata da tsohon ƙanin mahaifinsa. Layin rijiya kuma ba ya jiran wanda ba ya nan.

Kun san halin Innarku, ba ta da hayaniya. Abin da ta yi shi ne, daga ranar duk abincin da ta sauke sai ta zuba kwano guda ta rufe da faifai, ta kai zaure da kanta ta ajiye a inda Sambo yake zama. Safe, rana, yamma. Ba mai ci. Duk shiga da fita sai na ratsa ta gefen kwanon. Maƙwabta suka fara tambaya wane baƙo muka yi da ba ya fitowa gaisuwa. Na ce mata ta daina ɓarnar abinci a wannan tsadar, ta ce ai ba ɓarna ba ce, baƙon gidan nan ne bai dawo ba tukuna, idan ya dawo ba za a ce ya tarar ba a ajiye masa ba. Kwana uku na jure ina fita ta ƙofar baya kamar ɓarawo a gidana. Wannan kwana ukun ma ina lissafa su cikin laifina, kusan sun fi rubutun nauyi, domin a lokacin na riga na san abin da na yi.

Ranar Litinin na je wurin dagaci. Na ce masa mutumin da aka kama baƙon gidanmu ne tun zamanin iyaye, man kuma na rijiyar shayar da dabbobi ne, ba na sayarwa ba, na kuma san haka tun kafin in rubuta. Dagaci dattijo ne mai haƙuri, ya daɗe yana kallona.

"To Malam Idi, wanne zan ɗauka yanzu, rubutunka ko bakinka?"

Na ce bakina. Ya ce to shi ke nan, amma wanda rubutunsa da bakinsa suka saɓa ba zai ci gaba da riƙe littafi ba, kuma idan ya je ya gaya wa jami'ai cewa ɗan sa idonsa yana da baƙo mai neman mai, dole su ce a janye takardar jarkata. Na zaro su duka biyun na ajiye a gabansa. Kun ga ke nan ba sadaukarwa na yi ba kamar yadda kuke faɗa, hukunci ne ya hau kaina, kuma ya dace da ni. Shi da kansa ya raka ni wurin jami'an. Jami'an ba su wulaƙanta mu ba, aikinsu suke yi da takardar da aka kai musu. Sai da muka yi zirga-zirgar kwana biyu, na tsaya wa Sambo, dagaci ya sa hannu, sannan aka sake shi ranar Laraba, jarkar kuma ta zama ta hukuma. Kwana goma ke nan cif. Da ya fito ya durƙusa ya gaida dagaci gaisuwa mai tsawo. Ya juyo gare ni ya ce, sannu Malam. Tun muna samari bai taɓa kirana Malam ba. Na ce ya zo mu je gida ya ci abinci ya huta, ya ce shanu suna jira. Ya saɓa sandarsa ya yi arewa a ƙasa, ko waiwaye bai yi ba.

Ranin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwata. Injina ya tsaya. Na gwada sayen mai kwalba-kwalba a bakin hanya, na ga albasar ba za ta mayar da abin da take sha ba. Sai na kafa jigon jan ruwa a bakin ramin fadama kamar yadda mahaifina yake yi, abin da na yi shekara ashirin ina yi wa dariya. Ku a lokacin kuna Kano, kun ce in bari, na ƙi. Daga fitowar rana har ta take tsaka ina ja ina juyewa, bayana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, duk da haka rabin fangalan suka bushe ina kallo. Sale ya kan wuce a kan babur ya tsaya ya tambaye ni ko jigon nawa yana shan mai da yawa. Sai in ci gaba da ja. A bakin ramin nan ne na gane abin da na kasa ganewa a dakali: ni ganye nake ja wa ruwa, idan na gaji in zauna. Sambo bakuna yake ja wa, masu kuka suna bin sa da ido. Sojojin da muka ce za a matse kuwa, rediyo bai taɓa cewa motarsu ta tsaya ba.

Aka yi shelar sakin gona. Fulanin maƙwabta na wannan ɓangaren suka sauka, ko'ina kukan shanu da hayaƙin ruga, gandunmu kaɗai shiru, kara a tsaye ba mai ci. Wani ya ce in kira wasu Fulanin, ai taki taki ne. Na kasa. Innarku kuma, kun san gayaunarta, 'yar gonar nan tata da ke jikin gandu ta gabas inda take shuka wake. Duk harawar da ta samu a shekarar, wadda ta saba ajiye wa awakinta ta sayar da saura da bazara, ta sa aka ɗaure. Ta kwance doguwar igiyar rijiyar gida da babban gugan roba, ta haɗa duka ta ba masu jakunan da ke kawo kanwa daga arewa, waɗanda ba ruwansu da mai ko shinge, ta kwatanta musu rugar. Ba shawarata ta nema ba, gaya mini kawai ta yi bayan sun tafi. Muka koma ja da gajeriyar igiya da aka ƙulla da tsumma. Amsa ba ta zo ba. Ba mu san ko saƙon ya isa ba, ba mu san ko akwai sauran shanun da za su ci harawar ba. Wannan rashin sanin shi ya fi ci mini rai. Na daina zuwa dakali. Idan na yi salla ba na roƙon albasa, garken nake roƙa wa, in kira shanun da na sani da kamanninsu.

A farkon azumi aka ce an buɗe iyaka. Kwana uku bayan haka na shirya. Na sa an auna mini buhun gero in tafi da shi, Innarku ta ce in bar shi, idan na je da buhu zan ɓoye a bayansa, in je da bakina kawai. Na hau mota zuwa Babura, na sake wata, sannan babur, ina tambaya ruga-ruga. Da azahar ta kusa na same shi a bakin tsohuwar rijiyar, don injin nasu bai tashi ba tukuna, an ce man yana hanya. Kafin in gan shi shanun na fara gani. Sun rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, amma suna tsaye, garke ne sosai ba saura ba. Na yi hamdala. Sambo ya ɗago ya gan ni, ya amsa sallama, bai saki igiya ba. Igiyar gidanmu ce. Na tsaya a gefensa na faɗi abin da na zo faɗa tun kafin tsoro ya dawo mini. Na ce ni na rubuta sunansa, ni na faɗi hanya, kuma bayan na ji an kama shi na ƙara kwanaki ban motsa ba.

"Na sani tun ranar. Jami'in ya karanta takardar a gabana. A ƙasarku kaf ba mai ce mini ɗan Yero, waɗanda suka san Yero a can duk sun bi shi. Gida ɗaya ya rage."

Na tambaye shi nawa suka mutu. Ya ce a cikin kwana goman nan bakwai, ya kira su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho da kuke sha wa nono kuna yara. Bayan ya dawo ba a ƙara rasa ko ɗaya ba, harawar ta zo a kan gaɓa, igiyar kuma ta kai ruwa lokacin da tasa ta gaza. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya miƙo mini igiyar. Muka ja tare, tsofaffi biyu masu azumi, ni ina ja shi yana juyewa a kwami, har sai da ta ƙarshe ta sha ta juya. Tafin hannuna ya fashe. Sannan muka zauna a inuwa, ya ce ya yafe tun yana tsare, ba don na cancanta ba, sai don ba zai iya ɗaukar fushi da tunanin shanu a lokaci guda ba. Na ce to bana idan an saki gona za su gangaro? Ya ɗan yi murmushi, karon farko.

"Za su zo. Amma yafiya tawa ce, taki kuwa na shanu ne, su kuma sun san wanda ya ciyar da su. A gayaunar uwar ɗakina za su kwana. Kai Kaɗo ka je hukumarka ta ba ka na buhu."

Na ce har yaushe? Ya ce sai ranar da ta ce. Na dawo gida da wannan hukunci ina jin kaina sakayau kamar an sauke mini dutse. Daminar shekarar gandu bai yi abin kirki ba, dawar ta fito siririya, rumbu ɗaya bai cika ba, kun tuna ku kuka riƙa aiko mana da masara. Ban yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakanin manyan ƙasashen biyu ba, ilimina bai kai nan ba, ga shi kuma sun koma suna gaisawa. Abin da nake so ku riƙe kaɗan ne. Idan an ba ɗayanku littafi wata rana, ya tuna cewa abin da aka gaya masa a kan kwanon abinci ba na littafi ba ne. Idan kuma gidan Sambo suka yi sallama bayan ba ni, zauren nan nasu ne, ba alfarma kuke yi musu ba.

Da kaka ta zagayo aka yi shela, sai ga su ta burtali, muna jin su tun kafin mu gan su. Sambo ya wuce gandu ya kafa turakunsa a gayaunar Innarku, duk gari suna kallo. Masu tambaya na ce musu can ya fi kusa da rijiya, ƙaryar ƙarshe ke nan da na yi a kan wannan magana. Gayaunar 'yar ƙarama ce, cikin mako uku ta yi baƙi ƙirin da taki. Na ji Sambo daga zaure yana gaya mata cewa idan aka ƙara, ƙasar za ta ƙone mata wake. Ta ce ta ji, za ta yi tunani. Ni ban sa baki ba, ban ma nuna na ji ba. Kwana biyu bayan haka na fito daga sallar asuba na zagaya ta gandu kamar yadda na saba, gari ya fara haske, ina tafe ina lazimi ban duba ƙasa ba, sai na ji ƙafata ta nutse cikin abu mai ɗumi har idon sawu. Na ɗaga kai, ga shanu kwance a tsakiyar gandu suna tuƙa. Sambo yana tsugune yana tatsa, ya leƙo ta ƙarƙashin saniya yana dariya.

"Maigida, duba ƙafarka."

Na ce na gani, a bar ta haka. Da ita na taka har cikin gida, Innarku tana shara, ta dubi sawun da na bari a tsakar gidan da ta gama sharewa, ta miƙo mini tsintsiyar.